Turken Jirgi

Abba, tun ranar Juma'a da ka tafi, hoton nan da ka nuna mini a wayarka bai bar idona ba. Kai kana ta yaba kyan jiragen, farare tas, kowanne da doguwar sandarsa a tsaye da ƙyallen iskarsa a naɗe, ruwan kuma shuɗi kamar an tuntsurar da karofi a ciki. Ka ce gaɓar Bahar Rum ce, a watan Agusta, lokacin da Turawa ke hutun zafi su cika kowane lungu na teku. Ni kuwa wani abu daban nake kallo. Jiragen sun fi talatin a ɗan wurin nan, amma duk hancinsu ya fuskanci waje guda kamar sahun idi, kuma tsakanin kowanne da ɗan'uwansa akwai fili. Babu liman, babu 'yan agaji masu daidaita sahu. Na buɗe baki zan tambaye ka ko ka san dalili, sai kakarka ta ƙwala wa maigidanta kira ya zo ya ci tuwo. In ta kira ka kuwa, ni ba ni da sauran magana a gidan nan.

Mahaifinka ya zo mini daga baya, ransa a jagule. Ya ce kai da abokanka biyu kun haɗa kuɗi kun sayi kwale-kwale mai inji, za ku riƙa fito a dam ɗin Challawa, can wajen Ƙaraye, ranakun kasuwa, sannan da Sallah ku riƙa zagayawa da masu yawon buɗe ido. Yana so in hana ka. Na ce masa ba zan hana ba. Fito sana'a ce ta halal, kuma tsohuwa. Jirgin da aka ambata a Suratul Kahfi ma na wasu talakawa ne da ke neman abincinsu a kan ruwa. Saurayin da ya tara kuɗinsa ya sayi abin sana'a, bai zuba su a caca ta waya ba, addu'a ta dace da shi. Sai dai sunan mahaifina gare ka, wanda bakina ba ya iya furtawa, don haka dole ka zauna ka ji ni ko da zan yi tsawo.

Abu na farko, mu ba mutanen ruwa ba ne. Duk ruwan nan da kake gani a ƙasar nan, na girme shi. Da muna yara a Garo rafi muka sani, ya cika ya tumbatsa da damina, da rani kuma a tona yashi a sa ƙwarya a jira ya tsatso. Zamanin Audu Bako aka soma tare ruwa. Aka gama Tiga a 1974, aka yi Watari a Bagwai, aka yi namu na kusa, Guzuguzu da Magaga da Pada ta Gwarzo. Challawar da za ka yi aiki a kanta kuwa sai a 1992 aka kammala ta, mahaifinka ma ya girme ta. Ɗan Sarkawa a Yawuri ko ɗan Kabawa a Argungu, kafin ya iya wanke allo ya iya iyo, kuma abin da kakansa ya sani game da ruwa a bakin murhu yake jin sa. Kai garma ka gada da fartanya. Wannan ba abin kunya ba ne, amma yana nufin ilimin da wani ya samu kyauta, kai sai ka durƙusa ka nema.

Duk da haka gidan nan ya taɓa shiga jirgin iska, irin wanda babu inji a jikinsa ko kaɗan. Yayan mahaifina, da muke ce wa Baba Alhaji, a ƙafa ya je Makka. Yanzu tafiyar ta zama ta awa huɗu zuwa biyar, har wani ɗan ƙasar nan tamu, marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa Kabo Air a 1980, jiragensa suka yi ta jigilar alhazai. A zamanin Baba Alhaji shekaru ake yi. Ya bi ta Borno da Wadai da Darfur, ya sauka a Mai Wurno, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, ya yi tsinkar auduga a gonakin Jazira har kuɗin jirgi suka taru. Daga nan ya gangara Sawakin, ya shiga wani jirgin katako da ake kira sambuk. Tsakanin Sawakin da Jidda kimanin kilomita 300 ne na Bahar Maliya.

Mu yara muna son ya ba mu labarin tsakiyar teku da manyan kifaye, shi kuwa kullum labarinsa na gaɓa ne. Ya ce bakin Bahar Maliya ta kowane ɓangare cike yake da duwatsun murjani da ke kwance a ƙarƙashin ruwa, masu kaifi kamar aska, kuma ido kaɗai ke gane su. Akan sa yaro ya hau can ƙololuwar sandar jirgi yana duban launin ruwa. Shuɗi mai duhu, akwai zurfi. Kore, an fara kusantar ƙasa. In ya ga ruwan ƙasa-ƙasa ko ɗorawa-ɗorawa, dutse ne, sai ya yi ihu. Wannan gani kuwa ba ya yiwuwa sai rana tana sama ko tana bayanka. Da zarar ta sunkuyo ta haske ido, ruwan duka ya koma kamar faranti, ba ka bambance komai. Saboda haka in suna bin gaɓa, shugaban jirgin, wanda suke kira rayyis, tun kafin la'asar yake karkata ya shige wani lungu ya saki anka. Alhazai su yi ta gunaguni: ga iska mai kyau, ga rana da sauranta, ga Makka a gaba, me ya sa za a kwana nan? Baba Alhaji ya ce shi ma yana cikin masu gunagunin. Mutumin ko kallonsu ba ya yi. Shi ya san lungu na gaba yana da nisan da ba za a kai ba sai rana ta faɗa ido.

Irin wannan lungu Larabawa suna kiransa marsa, wato matsayar jirgi, har akwai garuruwa a bakin tekun da sunansu ya fara da kalmar. Da na girma na yi ɗan karatu sai na lura da wani abu. Addu'ar da Annabi Nuhu, alaihissalam, ya yi da zai shiga jirgi, wadda take cikin Suratu Hudu, wadda direbobinmu ke rubutawa a goshin mota, abu biyu ta haɗa da sunan Allah: gudun jirgin da tsayawarsa. Kalmar tsayawar kuma tushenta ɗaya da marsa. Mu da muke karanta ta a tasha, zuciyarmu a kan rabin farko take. Kowane yaro in ka ba shi inji, cikin yini ɗaya zai koyi tayar da shi ya tsaga ruwa. Rabi na biyun ne nake so mu zauna a kansa.

Ka san yadda muke ɗaure rago. A kafa turke, a taƙaita igiya, don in ta yi tsawo ya sarƙe ko ya kai ga dawar maƙwabci. To, turken jirgi akasin haka yake, kuma a nan ne ɗan tudu ke fara kuskure. Anka, wato ƙugiyar ƙarfen nan da ake saki a ruwa, ba nauyinta kaɗai ke riƙe jirgi ba. Kama ƙasa take yi, kamar bakin garma: in ana jan ta a kwance sai ta ƙara nitsewa, in ka ɗago ta tsaye sai ta fito salin alin. In igiyarka gajera ce, jan zai zo daga sama, kowace igiyar ruwa da ta ɗaga jirgin sai ta cire maka turken. Masu jiragen teku suna sakin igiya ninki biyar na zurfin wurin, in iska ta yi ƙarfi su kai ninki bakwai. Wato in ka zura gwangwala ka ga zurfin gaba biyu ne, igiya gaba goma za ka saki. Na san ku dutse za ku ɗaura ko wani tsohon ƙarfen mota. Shi wannan ba shi da haƙorin kama ƙasa, don haka ya fi ankar gaske ma bukatar doguwar igiya. Ka nemi inda ƙasan yashi ne ko laka. A kan fa ko cikin ciyawa ba abin da zai kama.

Kuma a hanci ake ɗaurewa, kada ka taɓa ɗaure jirgi ta baya don sauƙin hannu. Bayan jirginka ya riga ya nitsa da nauyin inji da naka, ga shi a fili. In ka juya wa iska wannan wajen, ruwa zai riƙa tsallakowa ciki, kwano ɗaya, kwano biyu, kafin ka ankara ya kai ƙauri. In ka saki turken, kada ka kama hira nan take. Dubi gaɓa ka zaɓi abu biyu da suka yi layi, a ce giginya da wata rumfa a bayanta. Jim kaɗan ka sake dubawa. In sun rabu, tafiya kake yi ba ka sani ba. Ka ɗora tafin hannunka a kan igiyar ma. Wadda ta kama shiru take, wadda ke jan ƙasa kuwa za ka ji tana karkarwa.

Ga amsar tambayar da ban samu yi maka ba. Jiragen nan na hotonka iska ce limaminsu. Duk jirgin da aka ɗaure ta hanci, iska za ta tura shi baya har ya fuskance ta, shi ya sa suka yi sahu. Filin da ke tsakaninsu kuma da'irar kiwo ce, irin wadda rago ke shatawa a kewayen turkensa. In iska ta juya da tsakar dare, gaba ɗayansu za su juya tare, kowa a cikin da'irarsa. Wanda ya zo ya kutsa ya saki tasa ankar a kan igiyar wani, ko ya saki igiyar da ta bambanta da ta maƙwabtansa nesa ba kusa ba, shi ne zai tashi mutane da ƙarar katako cikin duhu. Al'adar da suke bi mai sauƙi ce: wanda ya riga zuwa shi ke da wuri, in an matsu, na baya ne zai ɗaga. Ba hukuma ce ta tsaya musu a kai ba, kowa dai ya san gobe shi ma zai so ya yi barci.

Ranar Sallah bakin dam zai zama haka, har ya fi, domin su na hoton aƙalla kowa a cikin jirginsa yake. Kai kuwa za ka tarar da yara suna wanka, mata suna wanki, masu babura suna wanke baburansu, Fulani sun kawo shanu, ga 'yan'uwanka masu fito kowa na kiran fasinja. Tun daga nesa ka kashe inji, ka shigo da filafili ko gwangwala. Farfela ba ta san ƙafar yaro ba. Kada ka gitta igiyar wani, kada ka tare wa wani mafita don ka riga shi lodi. Naira nawa ce za ta sa ka yi gaba da mutumin da wata rana shi zai fara isowa in injinka ya mutu a tsakiya? Masunta kuma sun riga ka zuwa ruwan nan. In farfelarka ta yanke kallin mutum, abincin gidansa na wata guda ka yanke. Na ji cewa a Faransa ma, tun 2020, an hana manyan jiragen shaƙatawa da suka wuce mita 24 sakin anka a wasu sassan gaɓarsu, saboda tana tumɓuke ciyawar ƙarƙashin teku inda kifi ke hayayyafa. In masu kuɗin duniya an iya ce musu su matsa saboda ciyawa, kai ma ka iya matsawa saboda komar talaka. Kafin ka jiƙa jirginka, ka sayi goro ka je ka gaida sarkin ruwa, ka zauna a ƙasa.

Ka roƙe shi ya haɗa ka da wani tsohon masunci, ku zagaya tare a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ruwa ya ja baya. Da aka toshe kogin nan, gonaki ruwa ya ci, da itatuwa, da kufai. Kututturan suna nan tsaye a ƙasa, su ne murjaninku. Da rani suke leƙowa, da damina su ɓuya taki ɗaya ƙarƙashin ruwa suna jiran cikin jirgi. Ka haddace su kamar yadda ka haddace gonakin Garo, ka san inda tsohuwar hanyar kogin ta bi, ka san lungu biyu ko uku da za ka fake a kowace hanya da kake bi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar da ta fi yi mini nauyi. Wani malamin Andalus, Ibn Jubair, ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda a 1183, cikin jiragen da ake ɗinke katakonsu da igiyar ɓawon kwakwa, babu ƙusa. Ɗinkin bai ba shi tsoro kamar masu jiragen ba, domin ya ga suna cusa alhazai wani kan wani, burin kowannensu ya fanshe kuɗin jirginsa a tafiya ɗaya. Shekara fiye da 800 ke nan. A watan Yunin 2022, a tashar Sawakin ɗin nan da Baba Alhaji ya bi, wani jirgi da ya kamata ya ɗauki tumaki 9,000 aka loda masa sama da 15,000 za a kai Saudiyya. Ko fita daga tashar bai yi ba ya kife. Waɗannan tumaki ne, asarar dukiya. Namu na gida kuwa ka san shi, kana da wayo lokacin. Ranar Talata 30 ga Nuwamba 2021, da yamma, jirgi ya taso daga Badau zai ƙetare Watari zuwa Bagwai, akasarin na ciki ɗaliban Islamiyya ne za su Mauludi a Tofa. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. Abin da aka fi ɗora wa laifi shi ne lodi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Na tabbata babu mai fiton da ke tashi da safe da niyyar kashe kowa. Yadda abin ke faruwa shi ne, jirgi ya cika, sai ga wata baiwar Allah da goyo tana roƙo, sai ga dattijo sa'an kakanka ya ce yaro, ni kaɗai ne, sai ga mai babur ya ce zai biya kuɗin mutum uku. Kunya ce ke loda jirgi, ita da ɗan kwaɗayi. Maganinta ka yanke hukunci tun kana kan tudu, ranar da babu mai kallon idonka. Ku loda jirgin a ruwa marar zurfi tare da wanda ya sani, ku ga iyakar da zai ɗauka gefensa na nesa da ruwa, ka sa jan fenti ka ja layi a jikinsa. Daga ranar ba kai ke hanawa ba, layi ne. Buhun masara mutum ne, babur mutum biyu ne. Kuma kowa ya zauna, har mai son ɗaukar hoto, musamman in an kusa gaɓa, domin a nan ne kowa ke miƙewa lokaci ɗaya a rinjayi gefe guda. Kuɗin farko da za ku samu, kafin sabuwar waya, ku sayi rigunan kariya, ku fara da na yara. Kafin su samu, ko jarkoki masu murfi ku ɗaure a gefe. Masunta a da ma da gora suke yawo a kan ruwa. Ka tuna fasinjanka ɗan tudu ne kamarka, ga babbar riga, ga hijabi, tufafin da in sun sha ruwa sun fi mai su nauyi.

Bari in tona wa kaina asiri. Wata shekara da damina na je wani ƙauye a hayin ruwa sayen ɗan maraƙi, na dawo bakin ruwa bayan la'asar ina sauri in kwana gida. Mai fiton, wani siririn mutum da bai kai ni shekaru ba, ya dubi gabas ya ce ba zai tashi ba. Na duba, ɗan baƙi ne kawai can ƙasa-ƙasa, sama tas. Na yi masa magiya, na ƙara kuɗi, daga ƙarshe na ce masa ashe bai yarda da ƙaddara ba. Wannan kalma har yau ina jin kunyarta. Bai tanka ba, ya ja jirginsa ya ƙara ɗaure shi. Ba a yi rabin awa ba iska ta ɗauke ɗif, sai wani sanyi ya biyo, sai ƙura, sai ruwan nan da na gani kwance kamar tabarma ya tashi yana dukan gaɓa da farin kumfa. A zaurensa na kwana, matarsa ta aiko mini da tuwo, bai kuma tayar da maganar ba. Hadisin mai raƙumi, wanda aka ce masa ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, ka san shi tun kana Islamiyya; ni da na karantar da shi, a bakin ruwa wani ya yi mini bitarsa.

Hadarin ƙasar nan daga gabas yake zuwa, kuma iskar da ke gabansa ta fi ruwan haɗari. Tana kora igiyar ruwa zuwa yamma, don haka gaɓar yamma ce ke shan duka, mafaka kuma tana ƙarƙashin gaɓar gabas. In ya same ka a tsakiya, kada ka ba shi gefe, ka fuskance shi da hanci, ka rage wuta, kowa ya zauna a ƙasan jirgi. Amma wanda ya iya, a ɗaure hadari ke samunsa. Dare kuwa ko hukumar kula da hanyoyin ruwa, NIWA, ta hana tafiya a cikinsa, kuma ko ba ta hana ba, kututture ba ya kunna fitila. In magariba ta kusa, wanda bai ƙetare ba ya kwana. Za a zage ka, wataƙila ma wani tsoho irina ne zai zage ka.

Na aika a sayo mini igiya gaba ashirin, mai kauri, tana nan rataye a zaure. Ka zo ranar Juma'a ka ɗauka, ka taho da abokan naka biyu in gan su, da wayar, ina so in sake ƙirga jiragen nan. Bayan Sallah in Allah ya kai mu zan zo Ƙaraye da kaina, in zauna a gaɓa in ga yadda kake shigowa da yadda kake ɗaurewa, sannan in yanke ko zan shiga. Kakarka ta ce ita kam ba za ta taka jirgin ba sai ta ga maigidanta ya yi iyo da babbar riga.